Mun sare kachala mun ƙona, ta sake dawowa: ina kuskuren yake?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu, a gefen wani reshe na kogin Haɗeja. Mu kusan arba'in ne, aikin sa kai muke yi. Bara da rani mun yi gayya har sau uku, muka sare kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, wadda ta toshe hanyar ruwa da turbar da mata da dabbobi ke bi zuwa mashaya, da ta bushe muka cinna mata wuta. Ko wata biyu ba a yi ba ta dawo, har ta fi da kauri. Jama'a sun fara cewa wahalar banza ce. Me muka yi ba daidai ba, kuma yaya za mu yi bana?

Amsa: Malam sakatare, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri. Wahalarku ba ta banza ba ce, amma gaskiyar magana aski kuka yi wa kachala, shi ya sa ta fito da sabon gashi. Ran wannan ciyawa ba a ganyenta yake ba, yana can cikin laka. Hanya biyu ce ke kashe ta da hannu: ko a nutsar da ita ta rasa iska, ko a tono saiwarta rana ta busar. Sara a saman ruwa da cinna wuta ba su yi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Kafin ranar gayya ta gaba, ka yanko ganye ɗaya ka tsinka shi a tsakiya ka nuna wa mutanenka. Za su ga cikinsa ramuka ne ƙanana kamar soso. Ta waɗannan ramukan iska ke sauka daga ganye zuwa uwar saiwa, wato saiwar nan mai kauri, fara, da ke tafiya a kwance cikin laka tana fitar da sabon toho a gaɓoɓinta. Lakar ƙarƙashin ruwa kusan babu iska a cikinta, don haka ganyen shi ne hancin saiwar. Idan ka sare ka bar tushiya ko da ɗan yatsa ɗaya ce a saman ruwa, hancin yana nan a buɗe. Saiwar na shan iskarta, tana kuma da rumbun abinci da ta tara, sai ta turo sabon ganye cikin kwanaki. Idan kuwa ka sare a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe bakin tushiyar, numfashi ya yanke. Saiwar za ta ƙone abincinta tana neman turo toho ya kai sama. In ka sake sare tohon kafin ya daɗe a waje, rumbun ya ƙare, sai ta ruɓe.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba: busasshen kara da ke tsaye shi ma iska yake kai wa ƙasa. Kar a ce ai wannan ya mutu a tsallake shi. Haka kuma saiwoyin a haɗe suke, gungu guda na iya zama tsiro ɗaya. Wanda kuka bari a gefe zai riƙa shayar da wanda kuka sare, shi ya sa kullum daga gefe take fara dawowa.

Wuta kuwa gata kuka yi mata. Ba ta kai ga saiwar da ke cikin danshi, tokar ta zama taki, sannan ta share inuwar da ke hana iri tsirowa. Kan kachala guda, wancan mai kama da zangarniyar gero, yana iya ɗaukar ƙwayar iri sama da dubu ɗari, kowace da 'yar audugarta da iska ke ɗauka. Irin ba ya son komai sai laka mai danshi da hasken rana. Filin da aka ƙone a bakin ruwa ya cika sharuɗɗan duka biyu. Abin da kuka gani ya fi na da kauri, gyauron tsohuwar saiwa ne haɗe da sabon tsiro daga iri.

Yana da kyau jama'arku su san dalilin da ya sa kakanninku ba su yi wannan yaƙin ba. Kachala, wadda masana tsirrai ke kira Typha, ba baƙuwa ba ce a Afirka. Ruwan ne ya canza hali. A da kogin Haɗeja kan cika da damina ya kwashe laka da ƙarfin gudunsa, da rani kuma ya janye har ƙasa ta tsattsage, saiwar da ta kafu ta bushe. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, babbar ambaliyar ta ragu, kuma ana sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan sha. Sai aka samu ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa duk shekara. Babu abin da kachala ke so kamar wannan. Tana tsayawa sai ta tare laka, lakar ta rage zurfi, ƙarancin zurfin ya ba ta sabon wuri. Haka tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru: wasu garuruwan ruwa ya ci gonakinsu, wasu can ƙasa suna neman na ban ruwa. Irin wannan ya faru a kogin Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Na kawo wannan ne don kada ku ɗora wa kanku burin da ba zai yiwu ba. Matasa arba'in ba za su kawar da kachala daga fadama ba. Abin da za su iya, kuma babban abu ne, shi ne su buɗe hanyar ruwa guda da turba guda, su riƙe su a buɗe.

To, ga yadda za ku yi. Ku fara da raba wurin gida uku, don kowane da maganinsa: inda ruwa ke tsaye duk shekara, gaɓar da ke bushewa da rani, da turbar kanta.

Na cikin ruwa shi ne babban aiki, kuma lokaci ne rabin nasararsa. Ana so a sare a lokacin da ruwa zai ƙaru ko zai tsaya yadda yake, ba lokacin da yake janyewa ba. Idan kuka sare a Nuwamba ko Disamba ruwa na sauka, tushiyar da ke ƙarƙashin ruwa yau za ta leƙo bayan mako biyu, aiki ya koma baya. Mafi dacewa shi ne gab da hawan ruwa, wajen Yuni zuwa Yuli, kafin cikar Agusta da Satumba wadda ba a shiga ruwa a cikinta saboda haɗari. Tun yanzu ku kafa turke mai ƙarfi a cikin ruwan, ku yi masa zane duk santimita 10, wani ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai duk ranar Juma'a. A yankinku hawa da saukar ruwa ba ga sama kaɗai yake ba, har da sakin madatsa, don haka turken ya fi kalanda faɗin gaskiya. Ku kuma dubi ciyawar kanta: lokacin da ta fara fitar da kai yana kore bai yi ja ba, a lokacin ta kwashe abincin saiwa ta kai sama, sara ya fi yi mata illa, kuma kun riga iri.

Na san wannan lokaci ya yi karo da shuka da noman farko. Kada ku yi takara da gona, za ku sha kaye. Gara gayyar sa'o'i uku da sassafe sau ɗaya a mako a kan yini guda cur da mutane za su zo sau ɗaya su daina.

Zurfin sara: a ƙalla santimita 20 zuwa 30 ƙasa da fuskar ruwa, wato taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In hannu zai kai, a sare dab da laka, shi ya fi. Dalili shi ne da zarar kun buɗe hanya ruwan zai samu gudu ya ɗan sauka, wanda ya sare sama-sama sai ya ga tushiyarsa a waje washegari. Ana so tushiyar ta zauna a nutse mako huɗu zuwa shida ba tare da ta ga iska ba.

Adda ba ta da amfani sosai a nan. Ruwa na cinye ƙarfin sara, tana zamewa, kuma ita ce ke sare ƙafar mutane. Lauje ne kayan aikin. Ku sa maƙeri ya yi muku lauje mai kauri, a ɗaura shi a ƙota mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mutum ya zura shi gindin ciyawar ya fizgo zuwa kansa, ba ya buƙatar sunkuyawa cikin ruwa. Inda ruwa ya wuce ƙugu a yi daga cikin kwale-kwale, ɗaya na riƙe da gora ɗaya na sara. A ajiye mutum guda a gaɓa da magagari da dutsen wasa, aikinsa ke nan, domin kaifi na dakushewa da wuri idan lauje na taɓa laka da yashi.

Kada ku faɗaɗa. Kuskuren gayya da yawa shi ne a share fili mai faɗi don ido ya ga aiki. Ku bi tsohuwar hanyar ruwan, inda ya fi zurfi. Tsofaffin masunta da Sarkin Ruwa sun san ta ko da ciyawa ta rufe. Ku buɗe layi mai faɗin mita 3 zuwa 4 ku yi ta tafiya da shi. Siririyar hanya mai tsawo tana sa ruwa gudu, gudun na kwashe laka yana ƙara zurfi, kachala kuma ba ta jin daɗin ruwa mai gudu ko wanda zurfinsa ya haura mita ɗaya da rabi. Fili mai faɗi kuwa ruwa kwanciya yake yi a cikinsa. A gefe biyu na layin, wasu su bi da shebur mai kaifi suna datse saiwar da ta haɗa wurin da aka sare da wanda aka bari.

Daga ina za a fara? Daga ƙasa, inda ruwan zai fita, a yi sama. Idan kuka fara daga sama kun sako ruwa kan toshiyar da ke gabanku, zai fantsama gonakin mutane, ko na garinku ko na maƙwabta. Wannan ya sa tun kafin a taɓa lauje ya kamata dagaci ko bulama ya aika wa garin da ke ƙasa da ku da wanda ke sama. Ruwan da kuka buɗe wa hanya wajen wani zai je. In za a haɗa gayya da su, kowane gari ya ɗauki yankinsa a mako guda, aikin ya fi ɗorewa nesa ba kusa ba.

Abin da aka sare ba a barinsa cikin ruwa. Zai taru a lanƙwasa ta gaba ya zama sabuwar toshiya, in ya ruɓe kuma ya cinye iskar ruwan, ku wayi gari karfasa na yawo ciki sama. A ƙasan inda ake aiki ku gitta igiya mai kauri ko tsohuwar koma tsakanin turaku biyu, a karkace, yadda duk abin da ya taso zai gangaro gefe guda. A nan masu manjagara za su jawo shi. Ɗanyar kachala nauyi gare ta, kuma nan ne gayya ke gajiya: kowa na son sara, ba mai son ɗauka. Cikin mutum arba'in, goma sha biyu sun isa sara. Wajen ashirin su kasance a ja da ɗauka da jibgewa, huɗu a kwale-kwale da igiya, sauran su ne mai wasa kaifi, mai ruwan sha da akwatin magani, da mutum biyu da ba sa komai sai kallon waɗanda ke cikin ruwa. A riƙa musanya duk bayan minti arba'in. Masu sara su jeru da tazarar mita 3 tsakaninsu, kada wani ya tsaya bayan wani. Ranar farko ku auna mita nawa kuka ci a sa'o'i uku, da wannan za ku lissafa gayya nawa layin ke bukata, maimakon alkawarin baki.

Inda za a jibge: sama da iyakar da ambaliya ke kaiwa, a ƙalla taku goma sha biyar daga gaɓa. In kuka tara a bakin ruwa, cikar Agusta za ta mayar muku da kayanku. Kawunan da suka nuna a yanke su tun kafin a kayar da karan, a zuba a buhu a ɗaure, a binne a rami mai zurfin rabin mita. Kar a watsa su cikin wuta a buɗe, zafin na tayar da audugar ta bi iska.

Sai magana mafi muhimmanci, wadda a kanta yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa: komawa. Bayan mako uku zuwa huɗu za ku ga sabon toho ya huda ruwa. Wannan ba alamar kasawa ba ce, saiwar ce ke kashe abin da ya rage mata. A koma a sare shi a ƙarƙashin ruwa tun bai kai kamu ɗaya a sama ba. Sara na biyu ba ya cin ko rabin ƙarfin na farko, ganyen laushi gare shi, mutum goma sun isa. Bayan wasu mako huɗu a yi na uku, in ruwa bai yi ƙarfin da zai hana shiga ba. In ya yi, a yi daga kwale-kwale ko a jira ya lafa. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna sara biyu zuwa uku a ƙarƙashin ruwa cikin shekara guda na rage ta da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A can sanyin hunturu na taya su, mu nan tana girma duk shekara, don haka ku sa ran zagaye na sa ido duk wata ko bayan an ci ƙarfinta. Ka gaya wa jama'a tun ranar farko cewa gayyar uku ce a wuri ɗaya, a sa ranakun a sanar a masallaci. Mita 200 da aka sare sau uku sun fi kilomita guda da aka sare sau ɗaya.

Gaɓar da ke bushewa kuma aikin bazara ce, Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ta bushe rana ta yi zafi. A nan babu ruwan nutsarwa, sai tono. A sare ganyen da adda, a bi da diga ko garma. Yawancin uwar saiwa na cikin santimita 30 na sama. A ɗago ta, a kakkaɓe ƙasar, a tsince har guntaye, domin guntu mai ido ɗaya ya isa ya kafa sabon gungu. Saboda haka ne bin wurin da garmar shanu ko tarakta a kan ƙasa mai danshi ke ƙara yawanta: an yayyanka an dasa. A shanya saiwar a kan busasshiyar ƙasa mai tauri mako biyu zuwa uku ana juyawa, sai ta karye ƙaras a hannu. A nan ne wuta ke da amfani.

Turbar mashaya ku ba ta faɗin mita 2, da ƙarin mita ɗaya kowane gefe da za a riƙa sharewa, don mai tulu a ka ta ga abin da ke gabanta, maciji kuma ya rasa maɓoya a bakin hanya. Inda ruwa ke kwanciya a kan turbar a cike da ƙasa a ɗaga ta ko da taƙi biyu ne, a yi 'yar magudana a gefe. Muddin turbar na riƙe danshi, kachala za ta dawo. In wuri ya isa, ku raba mashigar dabbobi da ta masu ɗiban ruwa, ta dabbobi a ƙasa. Ku zauna da Arɗo a kan wannan tun da wuri, shanunsa ne za su bi, kuma takun shanu a kan tushiyar da aka sare yana taimakawa wajen danne ta cikin laka.

A gefen turba da gaɓa za ku iya cin karo da ƙaidaji, ƙayar nan mai ganyen da ke rufewa in an taɓa. Hukuncinta daban ne. In aka sare ta a sama sai ta yi rassa da yawa. A sare ta da gatari ko diga wajen santimita 10 ƙarƙashin ƙasa, ƙasa da wuyan saiwa, kafin ta yi 'ya'ya. Kwanson 'ya'yanta na karyewa gaɓa-gaɓa yana yawo a kan ruwa, don haka ita daga sama ake fara ta a gangaro, akasin kachala. Irinta na shekaru a ƙasa bai mutu ba, wuta kuma na farkar da shi, sai a riƙa tuge ƙananan da hannu duk bayan ruwan farko. Kainuwa da sauran masu yawo a kan ruwa ba sa bukatar sara, a ja su da koma a kwashe a shanya.

Ƙasar da kuka tone kada ta kwana tsirara har damina. Ko dai kachala ta dawo ta iri, ko ruwa ya zaizaye gaɓar. A dasa ciyawar jema a layi a bin gaɓa, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, layi biyu ko uku. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa, ga ta da amfani wajen saƙa. A gefen turba ciyawar kiri-kiri ta isa. Inda ruwa ke hawa yana sauka, ciyawar burgu ta fi, dabbobi kuma su samu abinci. Sannan ba kowace kachala ce abokiyar gaba ba. Wadda ke bayan lanƙwasa inda ruwa ke dukan gaɓa, ku bar mata ɗan siririn layi, tana kare ƙasa, 'ya'yan kifi na fakewa a ciki. Wadda ke cikin hanya da manyan gungun da tsuntsayen jan-baki ke kwana a ciki kusa da gonakin shinkafa, su ne abin nema.

Lafiyar yaran nan amana ce a wuyanka, kuma wannan ɓangaren ba na son a yi masa sakaci. Ruwan kachala gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Ku shiga bayan asuba, ku fito kafin ƙarfe goma. Wanda ya samu dogon takalmin roba da safar hannu ya sa. Ganyen na yanka hannu, tushiyar da aka sare kuma kamar tsinke take a tafin ƙafa, don haka ba mai shiga ba takalmi. Da an fito a yi wanka da sabulu da ruwan rijiya ko na famfo. Duk da haka kariyar ba cikakkiya ba ce. Ku shirya da asibitin yankinku a duba duk wanda ya shiga ruwa bayan mako shida zuwa takwas da gama aiki. Maganin, praziquantel, sai tsutsar ta girma yake kama ta, shan sa washegarin gayya bai wadatar ba, kuma ma'aikacin lafiya ne ke auna shi daidai nauyin mutum. Wanda ya ga jini a fitsari kada ya jira. Yara ƙanana, masu farfaɗiya, da mai buɗaɗɗen rauni ba sa shiga ruwa, akwai aikin gaɓa da yawa.

Kafin a shiga gungu a bubbuga shi da dogayen sanduna a dakata kaɗan. Tarin da ya kwana ba a ɗaga shi da hannu sai an juya da manjagara. Tun kafin ranar ku san asibitin da ke da maganin dafin maciji, a ajiye babur ko mota da mai a ciki. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a tafi. Matsattsaku a zare shi da farce daga bakinsa a wanke wurin. Wanda lauje ya yanka a wanke da sabulu a kai shi allurar tetanus. Laka mai zurfi na riƙe ƙafa, shi ya sa masu kallon nan biyu su kasance da igiya da gora da usur, kuma a ƙirga mutane da suna kafin shiga da bayan fita.

Wani zai kawo shawarar feshin maganin kashe ciyawa. Ban goyi baya ba a ruwan da ake sha, ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi. Masu ƙona ganye nan take irin paraquat ba sa kai wa ga saiwa, guba ce kuma da ba ta da makari. Glyphosate na sauka saiwa, amma wanda ake sayarwa a kasuwa an haɗa shi ne don gona, abin da aka gauraya a ciki na cutar da kifi da kwaɗi. Ciyawar da ta mutu a tsaye ma dole sai an sare an kwashe, ba a tsira daga aikin ba.

Tarin da kuka kwashe dukiya ce in an so, kuma ita ce za ta iya saya muku lauje da takalma. Dogon ganye a ware a shanya a inuwa don tabarma da jinka. Sauran, banda kai banda saiwa, a daddatse a yi takin gargajiya: shimfiɗar ganye taƙi ɗaya, kashin dabbobi rabin haka, a yayyafa ruwa da ɗan toka, a yi ta hawa har mita ɗaya da rabi, a rufe, a juya duk mako uku, cikin wata uku zuwa huɗu ya nuna. A Senegal da Muritaniya ana mayar da busasshiyar kachala gawayi: a turara ta a ganga mai ƙarancin iska, a daka, a kwaɓa da ɗan abin da zai manne shi, a dunƙule a shanya. Sai dai a kula da abu guda: ranar da wasu suka fara samun kuɗi da ganyen, za su so a riƙa sara a sama don ta sake fitowa. Ku yanke tun farko cewa a layin ruwa da turba ƙa'idar sara ba ta canzawa, mai son na sayarwa ya je gungun da aka bari.

Akwai inda hannu ba zai iya ba. Ku zura gora a tsakiyar tsohuwar hanyar. In kun ga ruwan bai kai gwiwa ba amma gorar na nutsewa mita guda cikin laka, ko ciyawar ta yi tabarmar da mutum ke tafiya a kai, to hanyar ta cike, sai injin haƙa. Nan ne rubutunka na sakatare zai yi aiki. Ku auna tsawo da faɗi da zurfin wurin, ku ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya kafin aiki da bayansa, ku haɗa da lissafin turken ruwa da yawan gonakin da abin ya shafa. Ku kai ta hannun hakimi zuwa ƙaramar hukuma da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda madatsun Tiga da Challawa ke hannunta. Ku roƙi abu biyu takamaimai: injin ya buɗe muku wancan yanki da kuka auna, a kuma riƙa sanar da ku lokacin da za a ƙara ko a rage sakin ruwa, don ku daidaita ranakun sara da shi. In injin ya zo, ku tsaya a kansa kada ya jibge lakar a bakin hanya, cike take da saiwa. A watsa ta nesa ta bushe. Bayan tafiyarsa da mako uku kuma ku koma da laujenku, domin tohon farko zai riga ya leƙo a gefe.